Yadda lamba ta cuce ni a kan fam ɗin Biktoriya

Har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare mini a maƙogwaro, don ba wanda ya rufe mini ido. Ni da hannuna na ɗauki waya na duba, ni da bakina na ce ta yi.

Shekara shida ke nan ina tara fam-fam ɗin zinariya na Ingila, ɗaya bayan ɗaya, duk sanda kasuwar yadi ta yi albarka. Waɗanda na saya a baya duk tsirara suke, ba a rufe su cikin kwanso ba. Sai in kai wa Baba maƙeri a Alabar, nan Kumasi, ya ɗora a sikeli: giram 7.98, faɗi milimita 22, karat 22. In ta cika in biya. Ban taɓa asarar ko sidi ɗaya ta wannan hanya ba.

Sai ga wani boga, irin 'yan gidan nan da ke zaune a ƙasar waje, da ya dawo hutu, ya same ni a Aboabo bayan la'asar, ta hannun wani da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya zaro fam ɗin Sarauniya Biktoriya na 1887 a cikin kwanson roba, irin wanda kamfanin NGC na Amurka yake rufe kuɗi a ciki bayan ya tantance shi. A sama ga 'yar takarda: shekara, maki MS 64, da lambar shaida. Ma'aunin daga 1 zuwa 70 yake, saboda haka 64 a kuɗin da ya haura shekara 130 ba abin rainawa ba ne. Ya nemi kusan ninkin kuɗin zinariyar da ke ciki.

Na shiga shafin kamfanin, na saka lambar da makin. Ta fito: 1887, fam ɗaya, MS 64. Har da hoto a ƙasa, gaba da baya. Na kalle shi kallon wucewa, ga sarauniya da 'yar ƙaramar hular sarautarta, ga mai doki yana sukar dodo, shi ke nan. Ko taɓa hoton ban yi ba balle in buɗe shi. Wannan daƙiƙa goman da na yi wa kaina rowa ita ce ta ci kuɗina.

Duk da haka na bi ta wajen Baba. Ya juya kwanson sau biyu, ya miƙo mini.

"Ɗana, abin da ba zan ɗora a sikeli ba, ba zan rantse a kansa ba. Bari in fasa."

"Haba Baba, in an fasa ai makin ya tafi. Turawa sun riga sun auna."

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka," ya koma kan hura wutarsa. A nan dabarar 'yan damfarar take. Robar da aka yi don ta tsare kuɗin ita ce take hana sikeli da dutsen gwaji aiki, kuma mai saye da kansa zai hana a fasa.

Wata uku tana cikin akwati. Ƙanena da ke karatu a jami'ar KNUST ya zo gida, ina yi masa burga da ita, ya karɓa ya saka lambar a kwamfutarsa, ya ja hoton ya cika allo.

"Yaya, wannan ba taka ba ce."

A hoton akwai wani ɗan ƙwarzane a wuyan sarauniya, da ɗigo baƙi kusa da shekarar a baya. Tawa sumul take. Lambar gaskiya ce, amma ta wata fam ce da ke hannun wani can wata duniya. Kwafe ta kawai aka yi aka buga a takardar jabu. Shafin kamfanin bai yi mini ƙarya ba, ya ma ajiye mini shaidar a gabana, ni ne ban duba ba.

Daga nan ido ya buɗe, komai ya riƙa fitowa. Kwanson gaske da na'ura ake narke bakinsa ya haɗe, nawa kuwa akwai busasshen gam a kusurwa ɗaya. Tambarin nan mai walƙiya na baya, in ka karkata shi ko launi ba ya sauyawa yadda ya kamata, kamar sitika ta kwalin waya. Haruffan takardar, da muka sa madubin Baba, gefensu duk ya yi burji-burji. Na ji haushin waɗannan, amma ba kamar na hoton ba, don gam da sitika sai wanda ya saba riƙe na gaske zai gane su nan take. Hoto kuwa ko yaro zai iya gwadawa.

Baba ya sa filaya ya ɓare ta. Giram 7.1. Ya goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce karat 18 ce, ita ma da ƙyar. Bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Lambar wayar bogan kuwa tuni ta daina shiga, wanda ya haɗa mu ya rantse shi ma a gidan suna ya san shi.

Yanzu in an kawo mini mai kwanso, sai na buɗe hoton na nemo tabo uku da suka zo daidai, wuri ɗaya, siffa ɗaya. In babu hoto a shafin, kuɗin zinariya kawai zan biya, kuma sai an fasa a gaban Baba. Kwanson PCGS, wani kamfanin tantancewa irin NGC, tun 2020 yana da ɗan guntun na'ura a ciki da waya take karantawa in ka kanga ta, ina gwada wannan ma, amma ba ya hana ni komawa kan hoton.

Makon jiya wani ya zo da fam biyu mai kan Nkrumah, ta bikin zaman Gana jamhuriya a 1960, ita ma a kwanso. Na kai rabin awa ina jan hoto ina karkata roba a bakin shago. Ya ce, "Alhaji, ko ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce masa ya zauna, na aika a sayo masa koko da ƙosai, na ci gaba da neman tabo na uku.