Darussan da na koya a lesin: ramin da ke ƙarƙashin maki

Na ajiye aikin lesin a ƙarshen wannan zangon. Cikin littattafan da na tara na bibiyar ɗalibai, akwai guda ɗaya da har yanzu nake jin nauyin buɗewa, na wani yaro da na riƙe daga SS2 har ya zauna WAEC. Shafukansa tsaf suke: kowane darasi da gurbinsa, kowane mako da makinsa. Lissafi yana yawo tsakanin 55 da 60, Kemistiri da Fiziks suna ƙasa da 45. Da na ga haka sai na rage lokacin Lissafi, na ƙara wa waɗancan biyun awa guda-guda a mako. Sakamako ya fito da D7 a Lissafi, E8 a Kemistiri, D7 a Fiziks. Yaron da yake son karatun injiniya bai samu kiredit ko ɗaya ba a darussan da ake nema.

Sai bayan komai ya wuce na karɓi takardun jarabawar gwajinsa na baje su a tabarma, na ga abin da ya kamata in gani tun watan farko. An ba shi giram 10 na CaCO3 a ce ya nemo adadin mol, nauyin mol ɗaya giram 100 ne. Amsar 0.1 ce, shi kuwa ya rubuta 10. A Fiziks abu ya yi tafiyar mita 3 cikin daƙiƙa 12, aka ce ya nemo saurinsa, maimakon 0.25 ya rubuta 4. A Ikonomiks farashi ya hau da kashi 20, buƙata ta sauka da kashi 5, ana so a raba canjin buƙata da canjin farashi, nan ma maimakon 0.25 sai ya rubuta 4. Dokar kowane darasi ya haddace ta, yana rubuta ta daidai a saman aikinsa. Abin da ya zauna masa a kai tun firamare shi ne ƙaramar lamba ba ta rabuwa da babba, saboda haka duk inda ya ga biyun sai ya juya su. Rami ɗaya ne, ni kuma na rubuta shi a gurbi uku da suna uku. Zama biyu ko uku a kan rabawa da ɓangaren lamba sun isa su toshe shi.

To me ya sa makin Lissafi bai tona asirin ba? Saboda jimla nake kwafa daga katin sakamako. A makarantarsu CA, wato makin ayyuka da gwaje-gwajen cikin zango, maki 40 ne, jarabawa 60. Yaron yana da 34 a CA, 22 a jarabawa, jimla 56, wadda a ma'aunin WAEC take daidai da C5. Amma 22 cikin 60 bai kai kashi 37 ba, wato yankin F9 ke nan. CA kuwa ya ƙunshi aikin gida da ake kwafa a bakin aji da safe, da makin cika littafin rubutu, wani lokacin ma har da tausayin malami. Duk mai lesin ya riƙa raba lambobin nan biyu, ya mayar da na jarabawa zuwa kashi ɗari, shi ne mafi kusa da abin da yaro zai iya idan ya zauna shi kaɗai. Matsayin aji kuma, na biyar ko na goma, labarin sauran 'yan ajin yake bayarwa.

Abu na biyu da ya rufe min ido shi ne gwajin da nake yi da kaina. A lesin na mutum ɗaya malami yana dab da ɗalibi, kuma yara sun iya karanta fuska. Ya ɗora biro, ya ɗago ya dube ka, ka ɗan yamutsa goshi, ya soke ya juya lambobin, ka ce madalla ka ba shi maki. Wannan makin naka ne, shi hannunsa kawai aka ara. Maganinsa shi ne a ware minti 15 a ƙarshen mako, tambaya 10, malam ya koma bakin ƙofa ya juya baya. Kuma a gaban duk abin da aka rubuta a sa alama: da taimako ya yi, ko shi kaɗai.

Daga nan na sauya tsarin littafin gaba ɗaya. Shafi ɗaya ga kowane mako, duk darussa a haɗe, layi biyar: kwanan wata, darasi da batu, tambayar da ya faɗi, amsar da ya rubuta yadda take, sai irin kuskuren. Layi na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa alhali shi ne mai magana, domin amsar da ba daidai ba tana nuna hanyar da tunanin yaro ya bi. Irin kuskure kuwa huɗu sun wadatar. Ko bai gane Turancin tambayar ba, ko bai san dokar ba, ko tushen lissafi ya zame masa, ko gaggawa ce. Rarrabe na farko ba wuya: maimaita masa tambayar da Hausa, in ya warware to matsalar tana wajen Turanci, ko da a takardar Bayoloji ta bayyana. A ƙarshen wata a ƙirga kurakuran bisa irinsu. Duk irin da ya fito a darussa biyu ko fiye, shi ke da lokacin wata mai zuwa, ko mene ne jadawalin makaranta ya ce.

Kada a rubuta wa batu "ya iya" a ranar da aka koyar da shi. A bari sai bayan mako biyu, a sauya lambobin, a cusa tambayar cikin na wani darasi. In ya tsallake wannan, a sake bayan wata guda.

Mahaifin yaron ya kira ni ranar da sakamako ya fito, ya ce, "Malam, ashe kuɗina kawai kake ci." Na ce, "Alhaji, kuskuren karanta makin nawa ne, ban musa ba." Abin da ban faɗa ba shi ne sau uku ina roƙon a karɓo min takardun jarabawar da aka riga aka duba daga makaranta, yana cewa katin sakamako ai ya isa, kada in ja wa ɗansa baƙin jini wajen malamai. Shi ya sa nake gaya wa masu shiga aikin nan su sa wannan a sharaɗi tun ranar da ake ciniki: takardun jarabawa na kowane zango, duka darussa, har waɗanda ba a ɗauke ka dominsu ba. Uban da ya ƙi, a rubuta ranar da ya ƙi.

Sauran ƙanana ne. A rubuta lokacin da aka yi gwaji, domin yaron da ya fito daga boko ya wuce Islamiyya ba ɗaya yake da na safiyar Asabar ba, balle a watan azumi. Mai shirin JAMB a auna shi da agogo, tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace, kuma a kwamfuta. A nuna wa ɗalibi littafin, ya riƙa cike layin irin kuskure da hannunsa. Rahoton iyaye kada ya wuce rabin shafi, a sa abu ɗaya da ya gyaru da abu ɗaya da ake kai.

Yarinyar da na riƙe bayansa, a mako na uku layin irin kuskure ya cika da alamar rashin gane Turanci a Lissafi da Gwamnati da Bayoloji. Muka ajiye jadawali wata guda muna karanta tambayoyin shekarun baya kawai, tana faɗa min da Hausa abin da kowace take nema kafin ta taɓa biro. Kiredit ɗinta bakwai.