Idan Kai Ya Bugu, a Fita Fili

Ƙannena masu taka leda a filayen unguwa, da ku 'yan dambe masu tasowa, akwai raunin da ba mu ɗauka a bakin komai ba, wato bugun kai mai jijjiga ƙwaƙwalwa, alhali ya fi targaɗe da karaya haɗari. Mai targaɗe kowa na ganin ɗingishinsa. Wanda ya karye, a guje ake kai shi wurin mai ɗori ko asibiti. Amma wanda ya yi gware da wani, in dai jini bai zuba ba, sai a tsiyaya masa ruwan leda a ƙeya, a dafa kafaɗarsa, a ce, "Tashi mana, ai kai namiji ne." Ni baya nake bugawa a zamanina, kuma da wannan zugar aka sha mayar da ni fili ina ganin mutane bibbiyu.

Ƙwaƙwalwa ba a ɗaure take da ƙoƙon kai ba. Taushinta kamar na ɗanyen awara ne, kuma cikin ruwa take zaune. Idan kai ya tsaya cak ko ya juya da ƙarfi farat ɗaya, sai ta jijjigu a ciki, aikinta ya rikice. Ba sai an doki kan ba, karo a ƙirji ko kafaɗa da ya fizgi wuya ya isa. Yawancin waɗanda abin ya sama ba sa suma, kuma sau da yawa hoton kai a asibiti kan fito lafiya lau. Don haka "ai bai suma ba" ba hujja ba ce.

Ku tuna wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2014 tsakanin Jamus da Ajantina. Christoph Kramer na Jamus ya yi karo da Ezequiel Garay na Ajantina, kansa ya bugi kafaɗar Garay, aka duba shi, aka bar shi ya ci gaba. Can sai ya je wurin alƙalin wasa, Nicola Rizzoli, yana tambayarsa ko wannan ne wasan ƙarshe. Mutum yana tsakiyar wasa mafi girma a rayuwarsa, bai san inda yake ba, amma ƙafafunsa suna gudu. Shi ya sa ba a barin wanda ya bugu ya yanke wa kansa hukunci. Abin da zai yi tunanin da shi, shi ne ya taɓu. Koci da kyaftin da abokai su ne za su fitar da shi, ko yana rantsuwa cewa garau yake.

Nawa ya faru ne a gasar kofin unguwa, aka bugo kwana muka tashi sama tare da ɗan gaban su. Na ƙarasa wasan. Da yamma na bi ta kemis na karɓi maganin ciwo mai ƙarfi, irin wanda samari ke sha don su daina jin jikinsu. A sallar isha'i, duk lokacin da na kai goshi ƙasa sai in ji kamar ana buga mini ganga a ciki, kuma na kasa riƙe raka'a nawa muka yi, sai bin liman kawai. Hasken waya ma ya gagare ni kallo. Duk da haka, da wasa na gaba ya zo a cikin makon, na ɗaura takalmi, don kada a ce na tsere. Bugun da na samu ranar bai kai rabin na farko ba, amma shi ya kwantar da ni da ciwon kai da jiri da saurin fushi na tsawon lokaci, har hawa babur ya zame mini abin fargaba.

Na tsira da sauƙi. Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan rugbi a Kanada, ta rasu a 2013 bayan ta sake buguwa a kai kafin na baya ya warke, har jihar Ontariyo ta kafa doka da sunanta a 2018. Ƙwaƙwalwar da ba ta gama farfaɗowa ba, musamman ta matashi, tana iya kumbura da bugu na biyu.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Wanda ya bugu ya nuna alamar jiri, ruɗewa, ciwon kai ko tangaɗi, ya gama wasa a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, kada ya tuƙa mota ko babur. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ya sassauta wa kansa, ya rage waya da talabijin, sannan ya fara 'yar tafiya a hankali. A waɗannan kwanakin farasitamol ya wadatar, a guji asfirin da danginsa masu iya ƙara zubar jini, balle tiramadol mai rufe alamun da ake son gani. In kuwa ga amai a kai a kai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko jijjiga, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa a take. A Birtaniya, ƙa'idar da aka fitar a 2023 don wasannin unguwa da makarantu ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21. Ni ko bakwai ban cika ba.

Akwai kuma lissafin da ke zuwa da tsufa. Jeff Astle, tsohon ɗan ƙwallon ƙungiyar West Brom ta Ingila, ya mutu a 2002 yana da shekara 59, aka danganta cutar ƙwaƙwalwarsa da yawan sa wa ƙwallo kai. Binciken Jami'ar Gilasgo na 2019 ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotilan sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015. Ku masu koyar da ƙanana, ku daina jera su kuna jefa musu ƙwallo a ka. Ku kuma 'yan dambe, wanda aka kashe da naushi a muƙamuƙi ya tashi yana layi, ba gobe ne ranar ramuwarsa ba, komai daɗin kiɗa.

Yoga kuwa, wato atisayen miƙe jiki da sarrafa numfashi, bayan jinyar nan tawa na shige ta, kuma da ƙafar hagu na shiga. Na ga bidiyon masu tsayawa a kan kai, na ɗauka jini zai sauko ya wanke mini ƙwaƙwalwa. Jirin da ya fara lafawa ya dawo sabo. Wanda kansa bai warke ba, ba ruwansa da duk wani motsi da ke kifa kai ƙasa, da riƙe numfashi, da atisaye cikin zafi. Yoga ba ta warkar da bugun kai, ba kuma hular kwano ba ce.

Daga Indiya ta fito, kuma a asalinta tana haɗe da ibadar mutanen can. Ni na ɗauki miƙe jiki da sarrafa numfashi, na bar musu gaida rana da kalmomin da suke rerawa. Abin da na samu a ciki ba kaɗan ba ne. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗaya tafin a jikin cinya, ido a kan wuri guda, ita ta dawo mini da daidaiton jiki, daga baya na riƙa yi ido a rufe kusa da bango. Dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, tana ɗaure ciki da baya, yadda in an ture ka a sama ba za ka faɗo kamar an jefar da kai ba. Jan numfashi ta hanci a hankali da fitar da shi a tsawon da ya fi na shiga, shi ya gyara mini barci, ya rage mini hasala. Ryan Giggs ya buga wa Manchester United har ya kai shekara 40, kuma ya sha faɗin cewa yoga na cikin abin da ya riƙe shi.

Wuya shi ne inda nake so ku fi ba ƙarfi, don shi ke riƙe kai lokacin karo. Wani bincike a kan ɗaliban sakandare a Amurka a 2014 ya nuna masu ƙarfin wuya sun fi ƙarancin samun wannan rauni. Yoga kaɗai ba ta isa nan ba, sai ka ƙara da wannan: sa tafin hannu a goshi, ka tura kai gaba hannun yana tarewa ba tare da kan ya motsa ba, ka ƙirga goma, sannan ƙeya, sannan gefe da gefe. Minti goma sha biyar bayan asuba, a kan tabarma, sau uku a mako ya isa mafari. Wanda kuwa bai daɗe da buguwa ba, ya bari sai likita ya duba wuyan kafin ya fara, kuma duk motsin da ya tayar masa da ciwon kai ko jiri ya ajiye shi zuwa wani makon.