Kafin ka kawo Boerboel ko Rottweiler gida

Samarin Gombe sun shiga harkar karnukan waje sosai. Daga Tunfure zuwa Pantami ana cinikin 'ya'yan Boerboel, Rottweiler, Caucasian da Pitbull, kuma tambayar farko da mai saye yake yi ita ce, "Yana da zafi?" Maƙwabta kuwa da jin sunan sai su ce an kawo musu bala'i unguwa. Ƙanne, na daɗe ina kiwon karnuka, kuma duk cizon da ya taɓa faruwa a hannuna, in na bi sawunsa, a kan kuskurena yake tsayawa.

Irin kare yana da nasa tasirin, kada a ruɗe ku. Namijin Boerboel yakan haura kilo 60. In ya kama yaro, ɓarnar ba ɗaya ba ce da ta karen farauta na gida. Shi ya sa Birtaniya ta kafa doka a 1991 ta hana mallakar Pitbull da wasu iri uku. Amma Holan ta hana Pitbull a 1993, sannan ta soke dokar a 2008 da ta ga cizo bai ragu ba. Iri yana nuna girman rauni in an yi cizon. Ko za a yi cizon kuwa, wannan yawanci yana hannun mai kare.

Kuskurena na farko shi ne ɓoye kwikwiyo. Ana cewa a kulle shi kada ya saba da mutane, wai don ya yi gadi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 14 ne kwikwiyo yake koyon abin da ba abin tsoro ba ne. Wanda ya shafe wannan lokacin a keji, in ya girma komai baƙo ne a wurinsa: mai garuwa, 'yar talla, almajirin da ya leƙo zaure, mace mai hijabi, ƙarar babur. Kare mai tsoro shi ne mai cizo. Kada ka raba shi da uwarsa kafin mako 8. In ya zo gida, a kullum ya ga mutane daban-daban cikin natsuwa, a taɓa masa kunne da ƙafa da baki, a ba shi ɗan nama a lokacin. Gadi ba ya lalacewa da wannan. Kare da ya san yadda baƙon kirki yake shi ne ke gane ɓarawo.

Na biyu, sarƙa. Kare da ke ɗaure dare da rana ba shi da wurin gudu, don haka duk wanda ya matso sai ya kai masa hari. Ka ƙara da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kaiwa digiri 40, ga Caucasian da gashin da aka halitta don tsaunuka masu ƙanƙara. Ka yi masa shinge mai inuwa, tsayinsa kamar mita 2, ƙasan a zuba siminti don kada ya haƙa, ƙofar da sakata da kwaɗo. Ruwa kada ya yanke. A fita da shi da asuba ko bayan magariba, da igiya mai ƙwari a hannun babba, da takunkumi in za a ratsa mutane.

Wanda ya fi damuna shi ne na uku: dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Kafin shi ma akwai alamu: jiki ya sandare, kunnuwa su kwanta, ya riƙa lasar baki, ya kau da kai yana kallonka ta gefen ido. In ka dake shi kan gurnani, ka koya masa ya daina gargaɗi ya tafi kai tsaye ga cizo. Ja da baya, ka gano abin da ya tayar masa: abinci ne, ciwo ne, ko karya ce mai jego. Masu zuba barkono a abinci wai don kare ya yi zafi, azabtar da dabba kawai suke yi, kuma Allah zai tambaye su.

Yaro kada a bar shi da kare su kaɗai, ko da minti ɗaya, ko da karen ya tashi tare da shi.

Sai rigakafi. Allurar farko ta cututtukan kwikwiyo a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare a wata 3, sannan kowace shekara; cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa ta. Likitan dabbobi ne zai yi, ya sa hannu a kati, ka adana katin.

In cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti ranar don allurar haukan kare, kada a tsaya ga maganin gargajiya, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan babu mai tashi. Killace karen kwana 10 likita yana duba shi. Kai mai kare ka ɗauki katin ka bi su asibiti, ka biya kuɗin magani ba tare da an kai ƙararka wurin mai unguwa ba.