Rufin Chochołów da hannu ake tsaga shi

Duk baƙon da ya sauka daga mota a Chochołów, waya yake fara zarowa. Ban ga laifinsa ba. Titi ne guda ɗaya dogo, gidajen katako sun jeru hagu da dama, kowanne ya ba hanya goshinsa, bango fes kamar jiya aka sassaƙa shi, alhali yawancinsu tun ƙarni na 19 suke tsaye. Ni kuwa idan na shigo garin, sama nake kallo, domin a kan rufi nake cin abinci.

Ƙauyen yana kudancin Polan, a gindin tsaunukan Tatra, dab da iyakar Slobakiya, ba nisa da garin Zakopane. Mutanen wurin "Hohowuf" suke cewa, kada rubutun ya tsorata ku. Ni da yarana uku muke da ƙaramar masassaƙa a wannan yanki, kuma abin da muke yi shi ne gont, wato 'yan allunan katako da ake jerawa a rufe gida da su, kamar ɓawon kifi.

Karatu ya kai ni Krakow, aure ya kawo ni tsauni. Surukina masassaƙi ne, mutum mara yawan magana. Ranar da na ce masa, "Baba, ina so ku koya mini aikin nan," bai ce uffan ba. Ya gangaro mini da gungume, ya miƙo gatari da guduma ta itace, ya koma ya zauna. Na yini ina fama, abin da na tara kafin dare sai dai a hura wuta da shi. Hunturu guda cur ban taɓa wuƙar sassaƙa ba, tsaga kawai. Ni ɗan magini ne daga Zariya, na taso ina ganin mahaifina yana ƙwanƙwasa azara da yatsa kafin ya biya kuɗinta, to da na ga tsohon nan yana yi wa gungumen jodła, wata bishiyar tsauni mai ganye kamar allura, haka, yana kasa kunne, sai na ji hankalina ya kwanta.

Ga yadda aikin yake. Itacen da muke so shi ne jodła ko świerk, wani lokaci modrzew, duk dangin juna ne, kuma wanda ya girma a hankali can saman dutse, zoben shekarunsa a matse. A hunturu ake sare shi, lokacin da ruwan jikinsa ya ja baya. Sai a yanka shi guntu-guntu, kamar kamu ɗaya da ɗan ɗori, a tsaga kowane guntu daga baki zuwa cibiya, yadda ake yanka kankana. Kowane allo ya fito gefe ɗaya kauri, gefe ɗaya siriri. A hau dokin sassaƙa, a danne allon da ƙafa, a gyare shi da wuƙa mai mariƙi biyu, sannan a tsaga masa kwari a gefen mai kauri. Cikin kwarin nan bakin allon da ke kusa zai shige. Idan an jera su ninki biyu a kan rufi, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara ba su da ƙofar shiga.

Sirrin duka yana wurin tsagawar. Gatari jijiyar itace yake bi, ba ya yanke ta, don haka ruwa ya zubo sai ya bi jijiya ya gangara. Zarto kuwa ba ruwansa da jijiya, ratsa ta yake yi ya bar ta buɗe, allon ya riƙa shan ruwa kamar soso. A nan muke samun matsala da masu inji. Suna fitar da gont na zarto buhu-buhu, su goge shi da burushin ƙarfe don ya yi kama da na hannu, su sayar a rabin kuɗinmu. Sai mai gida ya zo mini da takardar farashinsu yana cewa in rage. Nakan ɗauko allona da nasu, in tsoma su a bokiti, in ce mu sha shayi tukuna. Kafin mu tashi ya gani da idonsa. Duk da haka wasu can suke tafiya, kuma ba na fushi, bayan 'yan shekaru ni za su kira in kware ruɓaɓɓen rufin. Na kwanon rufi da ake buga wa zanen gont ma ba na son in fara maganarsa.

Baƙi sukan tambaye ni wane fenti ake shafa wa gidajen. Babu fenti. Matan garin ne suke wanke bangon da ruwa da sabulu da burushi, sau biyu a shekara, ɗaya kafin bikin Ista. Tsakanin gungume da gungume a da gansakuka ake cusawa, shi ya sa har yau ake kiran aikin mszenie, daga sunan gansakuka a yarensu, ko da yake yanzu da ɓawon sassaƙa ake yi, a murɗe shi kamar kitso a buga shi ciki. Muna yin wannan ma, kuma kitsonmu ba ya zubowa. In kun je, ku tsaya a gida mai lamba 75, wanda aka ce daga bishiyar jodła ɗaya aka fitar da bangonsa na gaba. Na auna faɗin katakan nan da hannuna ba sau ɗaya ba. Irin wannan itace ba a samunsa a kasuwa yanzu. Akwai kuma ɗan gidan tarihi na boren da mutanen garin suka yi wa mulkin Ostiriya a Fabrairun 1846, wanda malamin makaranta mai kaɗa kayan kiɗan coci, Jan Kanty Andrusikiewicz, da fada Józef Kmietowicz suka ja gaba. Cocin garin dai na dutse ne, babu abin da ya shafi sana'ata a jikinsa.

Wanda ya shafe ni yana Dębno, gabas da garin Nowy Targ. Duk sabon yaro da na ɗauka, nan nake fara kai shi, kamar yadda Baba ya kai ni. Cocin Mala'ika Mika'ilu ne, na ƙarni na 15, an harhaɗa gungumensa ba da ƙusar ƙarfe ba, hasumiyarsa ta 1601 ce, kuma a 2003 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da wasu coci-cocin katako biyar na kudancin ƙasar. Jama'a suna ciki suna kallon zanen silin, mu muna waje muna zagaye, ina nuna wa yaro yadda gont ya lanƙwasa a kusurwa ba tare da ya buɗe baki ba. Katakon ciki ya haura shekara 500, amma rufin an sake shi sau da dama, kowane zamani da masassaƙansa.

Bara wani dillalin itace ya kawo mini mota guda, ya rantse na hunturu ne. Gungume na farko da na tsaga ya murɗe kamar igiya, ruwa har yana tsatsafowa. Na mayar masa da kayansa, aiki ya tsaya mako uku. Tun daga nan da ƙafata nake shiga daji in zaɓa, in sa alama da alli.

Mai son rufi na bazara, da kaka zai yi magana, don mu sare da hunturu, allo ya samu lokacin bushewa a inuwa. Na bana yana nan jibge a bayan masassaƙa, na gidaje biyu da rumbun hatsi ɗaya, akwai sauran wuri na gida guda.