Yadda na koma wanke kalifar birkin motata da hannuna

A ƙarshen daminar bara, ina dawowa Birnin Kebbi daga gonar shinkafata da ke fadamar Argungu, na lura cewa sitiyari yana fizga zuwa dama, kuma motar tana tafiya da nauyi kamar an loda mata buhuna, alhali ni kaɗai ne a cikinta. Da na tsaya a gefen titi na sauka, ƙauri ne ya tarbe ni daga tayar gaba ta dama. Na miƙa hannu kusa da wilin, hucin da ke fitowa ya sa na janye tun kafin in taɓa, na hagu kuwa ɗumi kawai ya yi. Na jira ya huce, sannan na lallaɓa zuwa gida a hankali, gabana yana faɗuwa duk lokacin da ƙafata ta kai kan birki.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon makanike da na daɗe da sani. Da ya kwance tayar ya ɗaga kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki, sai ya miƙo mini fad ɗin birki, wanda ke gugar faifan don tsayar da mota, in gani da idona: ya cinye a karkace, gefe ɗaya ya kusa kaiwa ƙarfe, ɗaya gefen kuwa da sauran kaurinsa. Daga nan, cikin fin biyu, wato siraran ƙarafan da kalifar ke zamewa a kansu, ya kama na ƙasa ya ja, ya ƙi motsi, sai da ya sa filaya yana murɗawa kafin ya fito, baƙi ƙirin da tsatsa da busasshen taɓo. Robar da ke rufe bakinsa ta kumbura ta yi laushi kamar an jiƙa burodi. Na ce, "Baba, me ya kawo wannan, alhali ba a fi wata takwas da canza fad ba?" Ya shinshina fin ɗin ya ce, "Malam, wanda ya yi maka aikin baƙin giris ya sa. Shi ya kashe robar, ruwa ya sami hanya." Tun daga ranar na ƙudurta cewa wannan aiki zan koye shi, domin ba shi da wuya, kuma rayuwata da ta iyalina suna rataye a kansa.

Wanda ya fahimci yadda kalifa take aiki ba zai raina waɗannan fin guda biyu ba. A mafi yawan ƙananan motocin da muke hawa, irin tsohuwar Corolla tawa, fistin ɗaya ne a cikin kalifa, kuma yana ɓangaren ciki. Idan aka taka birki, man birki yana bi ta tiyo ya tura fistin, fistin ya danna fad na ciki a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Fad na waje ba shi da mai tura shi. Jikin kalifar ne gaba ɗaya yake zamewa a kan fin biyun ya jawo shi, har faifan ya matsu ta fuska biyu. Idan aka saki birki, kalifar tana bukatar ta sake zamewa ta sassauta. Saboda haka da zarar fin ɗaya ya cije, matsi ya daina daidaita, fad yana ta gugar faifai ko ba a taka birki ba, mota tana ƙara shan fetur, zafi kuma yana taruwa. Wannan zafin shi ne abin tsoro. Man birki samfurin DOT 3 yana tafasa ne a wajen digiri 205 na ma'aunin Selshiyas idan sabo ne, amma yana tsotsar danshi daga iska, kuma idan ya tsufa ya sha ruwa yana iya tafasa tun a digiri 140. Idan ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba. A ƙasar da zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, kuma mutum yakan yi doguwar tafiya daga Jega zuwa Yauri, wannan ba abin wasa ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa: jak, sifanar taya, sifana mai lamba 14 wadda ita ce ta dace da notin kalifar motata, buroshin waya, tsumma mai tsabta, gwangwanin feshin wanke birki, guntuwar waya, da giris ɗin silikon. Ina yin aikin da sassafe a daɓen siminti na ƙofar gida, na ja birkin hannu, na tokare tayoyin baya da dutse. Ba na yarda jak kaɗai ya riƙe motar. Sai na sa mata matokarin ƙarfe, sannan in tura tayar da na cire ƙarƙashinta don ƙarin kariya.

Idan na kwance notin biyu na zare kalifar, ina ɗaure ta da waya a jikin sifirin. Kada a bar ta tana lilo a jikin tiyo, domin nauyinta yana iya raunana tiyon ta ciki, inda ido ba ya gani. Kada kuma kowa ya taka birki a wannan lokaci, don fistin zai iya fitowa. Ƙurar da ke wurin ba a hura ta da baki, tunda akwai fad ɗin da ake haɗawa da sinadarin asbestos mai cutar da huhu. Feshi ake yi a goge da tsumma.

Fin ɗin su ne zuciyar aikin, kuma a nan nake ɗaukar lokaci. Ina zare su ɗaya bayan ɗaya don kada in musanya su, saboda a motoci da yawa ɗayansu yana da ƙaramar roba a kansa, kuma yana da ramin da aka yi dominsa. Ina goge tsohon giris tas, in naɗe tsumma a jikin siririn itace in share cikin ramin har sai tsumman ya fito fari. Idan tsatsar sama-sama ce, sanfefa mai laushi tana cire ta, amma idan ta ci ƙarfen ta yi ramuka, sabon fin ya fi. Robar kuma ina ɗaga ta zuwa haske ina miƙa ta da yatsa, domin tsagewa ko da ta kai ƙwayar gero ta isa ta shigar da ruwan fadama.

Batun giris shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma ina ganin rashin sani ne ya fi yawa a ciki, ba mugunta ba. Robobin birki ana yin su ne da wani nau'in roba mai suna EPDM, wanda yake jure man birki da zafi, amma yana kumbura idan ya haɗu da duk wani mai da aka samo daga fetur. Baƙin giris na boris, da tsohon man inji, da kananzir da ake wanke kaya da shi a gareji, dukkansu daga fetur suke. Giris ɗin silikon shi ne ba ya taɓa robar, ba ya narkewa da wuri, kuma ruwa ba ya wanke shi. Ya fi tsada, kuma sai na zagaya shagunan kayan gyara kafin na same shi, amma ƙaramin tulu ɗaya ya yi mini aiki sau uku da saura. Shafawa kaɗan ake yi, yadda fin zai yi sheƙi kawai. Idan aka cusa da yawa, iska takan maƙale a ƙarshen ramin ta hana fin shiga sosai. Bayan na mayar da shi, ina tura shi da yatsa biyu in ga yana shiga yana fita sumul, sannan in tabbatar bakin robar ya zauna a gurbinsa.

Gurbin da kunnuwan fad suke zama ina kankare shi da buroshin waya, in ɗan shafa masa giris kamar an lakata da yatsa. A nan ma na fi son ƙaranci, domin ƙurar hunturunmu tana manne wa duk wani maiƙo da ke fili, ta mayar da shi kamar sanfefa. Fuskar fad da fuskar faifai kuwa ko ɗigo bai halatta ya taɓa su ba. Idan kaurin fad ya ragu zuwa milimita 3, ina canza na tayoyin biyu tare, kuma kafin in mayar da fistin ciki ina buɗe murfin robar man birki ina lura kada ya yi ambaliya, don yana cin fentin mota.

Akwai inda nake tsayawa. Idan na ga danshin mai a gefen fistin, ko robar da ke kewaye da shi ta yage, ko birki ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, ina mayar da komai in kai wa Baba, domin buɗe hanyar mai da fitar da iska aikin gwani ne.

Yanzu sau biyu nake yi a shekara, a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke da kuma a Maris bayan ƙura ta lafa. Idan na ɗaure tayoyi, kafin in motsa motar ina taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, domin takun farko yakan tafi a banza. Sannan in zagaya unguwa a hankali, in fita titin Kalgo in yi 'yan kilomitoci, in tsaya in kai hannu kusa da wilin dama da na hagu. A wannan karon ɗuminsu ɗaya ne, kuma sitiyarin yana tsaye a hannuna.