Kilisar safe a Biyana

Ba don dawaki na je Biyana, babban birnin Ostiriya, ba. Taro ne ya kai ni a watan Mayu, aka tashi da wuri, aka bar ni da kwana biyu kafin jirgina. Abokina likitan dabbobi da ke ƙaro karatu a birnin ya ce tunda na ishe shi da maganar bidiyon nan, in shirya gobe da safe, akwai inda zai kai ni.

Bidiyon da yake nufi shi ne wanda ya fito a watan Yulin 2024, ana saura 'yan kwanaki a buɗe gasar Olamfik ta Faris. An nuno Charlotte Dujardin, 'yar Birtaniya mai lambar zinare uku a wasan diresaj, tana ta zabga wa wani doki bulala a ƙafafu wajen horo. Ta janye daga gasar, daga baya hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da ita shekara guda. Tun ranar na yanke hukunci a raina cewa duk wannan rawar da ake sa doki yi a fili, yana ɗaga ƙafa daidai da kiɗa, azaba ce aka yi wa kwalliya. Likita bai taɓa musa mini ba. Cewa kawai yake yi, "Malam, ka ga mugun aiki, saura ka ga mai kyau, sannan ka yi alƙalanci."

Makarantar Hawan Doki ta Sifaniya tana cikin fadar Hofburg, a tsakiyar gari. Sunan ya samo asali ne daga dawakin Sifaniya da aka fara da su, kuma ana ƙirga tarihinta daga 1565. Zauren da muka shiga an kammala shi a 1735, zamanin Sarki Charles na Shida. Fari ne fat, da ginshiƙai da manyan fitilu a rataye, sai ka ɗauka ɗakin biki ne, in ba don yashin da aka shimfiɗa a ƙasa da ɗan warin doki ba. Kowane mahayi in ya shigo sai ya cire hula ya gaida hoton sarkin da ke bango. An hana ɗaukar hoto, abin da ya ba ni haushi minti biyar, daga baya na gode, don da ta allon waya zan yi kallon.

Ba wasan nuni muka je ba, kilisar safe ce, wadda ake farawa da ƙarfe goma. Gaskiya minti ashirin na farko gajiya na yi. Na zo ne in ga tsallen nan da ingarma ke tashi sama ya yi harbi da ƙafafun baya, sai ga shi ana ta takawa, a yi sassarfa, a kewaya, a tsaya, a sake takawa. Na fara hamma. Likita ya zungure ni ya ce in daina kallon ƙafafu.

"To ina zan kalla?"

"Baki, kunne, wutsiya. Ƙafa tana yi wa mutum ƙarya, su ba sa yi."

Sai ya fara yi mini karatu cikin raɗa. Dokin da ke jin zafi yakan wangame baki yana neman guje wa ƙarfen linzami, ko ya zaro harshe, ko ya kwantar da kunnuwa baya ya bar su a can, ko ya yi ta kaɗa wutsiya da ƙarfi alhali babu ƙuda. Ya ce wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta tattara alamomi 24 irin waɗannan, kuma in aka ga takwas ko fiye a jikin doki ana hawansa, to akwai ciwo a wani wuri, ko da ba ya ɗingishi. Na mai da idona kan wani kili da ke gabanmu. Bakinsa a rufe, yana ɗan tauna a hankali, kunne ɗaya gaba ɗaya baya wajen mahayinsa, wutsiya tana lilo da tafiyarsa.

A kan wani matashin doki ne na ga abin da har yanzu nake tunawa. Bai gama yin fari ba, jikinsa toka-toka, don dawakin makarantar, irin da ake kira Lipizzaner, da duhu ake haifarsu, sai sun shekara shida zuwa goma suke rikiɗa. Mahayin ya nemi ya yi sassarfa a wuri guda, ba tare da ya ci gaba ba. Dokin ya rikice, ya yi baya, ya karkace. Na gyara zama ina jiran tsumagiyar da ke hannun mutumin ta sauka. Ba ta sauka ba. Ya sake shi ya yi gaba, suka kewaya zauren, suka dawo, ya sake nema. A karo na uku dokin ya ba da taku uku, ko huɗu, ba su ma yi kyau sosai ba. Nan take mutumin ya saki kamazuru har wuyan dokin ya miƙe, ya sauka, ya shafa shi, ya zaro sukari daga wani ɓoyayyen aljihu a rigarsa ya ba shi. Aikin ranar ya ƙare ke nan.

Na ce, "Likita, taku huɗu kawai?"

Ya ce ai sakin nan shi ne darasin. Doki ba ya koyo daga matsin ƙafa ko jan linzami, yana koyo ne daga lokacin da aka daina. In ka matsa ya amsa ka sake shi a daidai wannan daƙiƙa, ya gane abin da kake so. In ya amsa ka ci gaba da matsawa, ka koya masa cewa babu mafita, daga nan sai tutsu, ko kuwa ya mutu a tsaye, ya zama dokin da ake yabo wai ba shi da gardama. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro. Ba kuma sabon ilimi ba ne: Xenophon, jarumin Girka, ya rubuta tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa cewa abin da doki ya yi bisa tilas ba shi da kyan gani, kamar a sa ɗan rawa rawa da bulala da ƙaimi.

Da muka fito sai ya ba ni labarin ɗaya fuskar. Akwai salon horo da ake kira rolkur, inda ake janye kan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, a riƙe shi a haka. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, lanƙwasar tana ƙuntata masa hanyar iska, kuma ba ya ganin gabansa sosai. A 2010 FEI ta haramta lanƙwasa wuya da ƙarfin tsiya, Suwizalan kuma ta sa haramcin cikin dokar ƙasa a 2014. Sai kuma ɗaure madaurin hanci tamau don kada alƙalai su ga baki a buɗe, wato a toshe wa doki hanyar kai ƙara. A 2025 hukumar ta fara amfani da wani ɗan ma'auni da ake zurawa tsakanin madaurin da ƙashin hanci. A ganina doka tana bin baya ne kawai. Muddin alƙali zai ba da maki mai yawa ga ƙafar da ta tashi sama ko da wuya a murɗe yake, mai neman lamba zai murɗe.

Ban bar Biyana da zuciya fara ƙal ba. Bargar ingarmun, Stallburg, tsohon gini ne mai kyau, amma tsakiyar birni ne, dutse ko'ina, ba ciyawa. Dabbar da aka halitta ta yini tana kiwo tana tafiya cikin garke, ga ta a ɗaki tana leƙen masu yawon buɗe ido. Ana kai su hutu Heldenberg a karkara bi da bi, na ji, na kuma yarda ya rage. Duk da haka abin ya tsaya mini.

Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Giraz, awa biyu da rabi ta tsaunukan Semmering, rami bayan rami, gada bayan gada. Daga can ƙaramin jirgi ya kai mu Koflak, sannan 'yar tafiya zuwa Piber, inda ake kiwon irin tun 1920. Asalinsu Lipica ne, a Sulobeniya ta yau, inda aka kafa gidan kiwon a 1580.

Goɗiyoyi farare a fili, kowace da baƙin duƙushinta a gindi. Wanda bai sani ba sai ya rantse musanya aka yi. A nan ne lissafin taku huɗun jiya ya fito mini. Waɗannan 'ya'yan za su yi shekarunsu na farko cikin garke, da rani a hau da su makiyayar kan tsauni su yi ta hawa da gangara, huhu da jijiya su yi ƙwari. Sai namiji ya kai wajen shekara huɗu ake fara horonsa, a somo da tafiya gaba kawai, kuma yakan ɗauki kimanin shekara shida kafin ya ƙware. Dokin tsere kuwa yana ɗan shekara biyu ake fita da shi fili, alhali ƙashin bayan doki bai gama ƙosawa sai wajen shekara shida. Likita ya ce yawancin bulalar da nake gani a bidiyo gaggawa ce ke haifar da ita: an kashe kuɗi, mai doki na jiran sakamako, gasa ta matso, sai a nemi aikin shekara biyu cikin wata uku.

Muna jingine da shinge wani duƙushi ya baro uwarsa ya nufo mu, yana tafe yana tsayawa. Na miƙa hannu, ya ja da baya. Likita ya ce in sauke hannun, in ɗan juya masa kafaɗa, in daina kallonsa cikin ido. Na yi haka, ina jin kaina kamar wawa. Can sai na ji ɗumin numfashi a gwiwar hannuna, sannan leɓe yana jan hannun rigata. Likita ya duba agogo ya ce in ba mu tashi yanzu ba jirgin Giraz zai wuce mu. Na ce masa akwai wani bayan sa.