Dinari ɗari da ke hannun ƙanena

Kusan shekara guda na yi ina tsallake layi ɗaya a cikin Addu'ar Ubangiji, ba wanda ya sani. Idan aka zo wurin roƙon a gafarta mana laifofinmu, da ƙarfi nake faɗa tare da kowa. Amma da an kai ga "kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi", sai in kama bakina, in bar jama'a su wuce, in sake tarar da su a gaba. A ganina gara shiru da in yi wa Allah ƙarya.

Ƙanena ne dalili, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo mini da dare idanunsa jawur, ya ce, "Yaya, ki rufa mini asiri, wata biyu kacal." Na ɗauko abin da na tara don kuɗin makarantar 'yata, wajen albashina na wata uku, na damƙa masa. Wata biyu suka wuce, shida suka wuce, shiru kake ji. Kuɗin sun yi mini ciwo, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake gaishe ni da fara'a kamar babu komai a tsakaninmu.

Wata rana a sujadar yamma maigida ya buɗe Matiyu 18. Ban ce da gangan ya yi ba, ban kuma ce ba da gangan ba ne. Misalin bawan nan ne da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuwa da fitarsa ya tarar da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe masa wuya. Tun ina yarinya na san labarin, amma ban taɓa zama na yi lissafinsa ba sai daren nan, bayan kowa ya kwanta.

Dinari ɗaya shi ne ladan aikin yini guda. Haka mai gonar inabi ya yi jinga da ma'aikatansa a Matiyu 20:2. Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Ke nan bashin bawan farko dinari miliyan 60 ne. Idan mutum yana aiki kwana 300 a shekara, bai ci ko ƙwandala a ciki ba, sai ya shekara 200,000 kafin ya biya. Duk da haka ya durƙusa yana cewa a yi masa haƙuri zai biya duka. Na yi dariya ni kaɗai, don na san irin alkawuran nan, ni ma na sha yi wa Allah su.

Lissafi na biyu ne ya tsayar da ni. Dinari 100 ladan kwana 100 ne, wato wata uku da 'yan kwanaki. Kusan daidai abin da nake bin ƙanena.

Da can ina jin haushin masu wa'azin da ke cewa bashin na biyu ba komai ba ne. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai karɓar kuɗin makaranta yana neman a ɗaga masa ƙafa ba, shi ke faɗin haka. Yesu bai ce ƙwandala biyu ba. Ya zaɓi adadin da talaka zai ji a jikinsa, sannan ya ajiye shi kusa da wanda ba ya biyuwa. Shi ma sarkin, da ya yafe, kuɗin ba su dawo baitulmalinsa ba. Shi ya ɗauki asarar. Nan na gane abin da nake gudu. Ina so in gafarta, amma ba na so asarar ta kwana a kaina.

Na yi ta neman mafita a cikin Littafi Mai Tsarki, kamar lauya. Matiyu 5:23-24 ya ce idan kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Na ce to, wannan na ƙanena ne, shi ya kamata ya zo. Sai ga 18:15 yana cewa idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Ko ta ina aka bi, tafiyar tawa ce.

Na je ranar Asabar. Ban yi wa'azi ba. Na ce masa abin ya ɓata mini rai, na gaya masa makonnin da yarinya ta yi a gida, sannan na ce na yafe kuɗin. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, ya ce, "Yaya, kunyarki ce ta sa nake wannan dariyar." Ban san ko gaskiya ce duka ba. Na karɓa a haka.

Washegari a sujada na faɗi addu'ar daga farko har ƙarshe, muryata na rawa. Bayan mako biyu na gan shi da sabuwar waya, sai ga zuciyata ta sake ɗauko lissafi tun daga farko. Bitrus ya tambayi Yesu ko yafe wa ɗan'uwa sau bakwai ya isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in. Da ina ɗauka laifi 490 ake nufi, ashe laifi guda ma yana iya cinye su. Na tsaya a bakin ƙofa na sake yafewa, sannan na ce masa, "Ƙanena, kawo wayar nan in gani."